Wanda Ake Tuhuma A Gaban Shari'a: Daga Zauren Alƙali Zuwa Kotun Majistare

GABATARWA

A zangon karatun da ya gabata na sa ɗalibaina 'yan aji biyar su shirya ɗan gajeren wasan kwaikwayo a kan zaman kotu. Abin da suka kawo mini ya ba ni dariya da farko, amma da na koma gida sai dariyar ta koma tunani. A cikin wasan an kama wani saurayi da hantsi bisa zargin kisan kai, 'yan sanda suka jibge shi har ya amsa, da azahar aka gurfanar da shi gaban majistare, lauyoyi biyu suka yi ta daka wa juna tsawa, kafin la'asar an yanke masa hukuncin rataya. Daga farkon wasan har ƙarshensa ba a kira saurayin nan da wani suna ba sai "mai laifi". Da na tambaye su inda suka samo wannan tsari, sai suka ce ai haka ake yi a littattafai da finafinai.

Ban ga laifinsu ba. Yawancin mutanenmu ba su taɓa taka ƙofar kotu ba, abin da suka sani game da ita daga alƙalaminmu suka same shi, mu marubuta. Idan mun rubuta daidai sun ƙaru, idan kuwa mun rubuta shirme, da shi za su shiga caji ofis ranar da tsautsayi ya faɗa musu. Na ga haka da idona. Wani tsohon ɗalibina, yaro mai natsuwa, an je kama wansa ba a same shi ba, sai aka tafi da shi a madadinsa. Aka miƙa masa wata takarda aka ce ya sa hannu ya tafi gida, ya sa ba tare da ya karanta ba. Ashe takardar amsa laifin fashi ce. Bai sake kwana a ɗakinsa ba sai bayan shekara biyu da wata huɗu, kuma har ya fito ba a kira shaida ko ɗaya a kansa ba. Da na je yi masa barka sai ya ce mini, "Malam, ni ai na ɗauka idan hukuma ta kama mutum, shi ke nan sai abin da ta ce."

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin shari'ar laifuka a Arewacin Nijeriya ta fuskar mutum ɗaya, wato wanda ke tsaye a gaban alƙali ana tuhumarsa. Mai karatu zai ga cewa kusan kowace kariya da doka ta ba mutumin nan a yau, sai da wani ya sha wuya kafin a rubuta ta.

ZAUREN ALƘALI KAFIN ZUWAN TURAWA

Cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su akwai lalacewar shari'a, irin su cin hanci, da fifita mai hali a kan talaka, da mai da hukunci hanyar tara dukiya. Bayan jihadin da aka soma a 1804, aka naɗa alƙalai a manyan garuruwa, suna hukunci bisa mazhabar Malikiyya. Littattafan da suka fi dogara da su su ne Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Malam Abdullahi Ɗanfodiyo kuma, lokacin da ya zauna a Kano tsakanin 1806 da 1807, ya rubuta Liya'ul Hukkam domin ya nuna wa shugabanni yadda ake mulki da shari'a.

A wannan tsari, nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara. Yawancin laifuka sai da shaidu biyu adalai, zina kuwa sai huɗu waɗanda suka gani da idonsu. Ba kowa ake karɓar shaidarsa ba, sai an yi masa tazkiya, wato an tabbatar mutumin kirki ne, kuma wanda ake tuhuma yana da damar sukar shaidar, ya nuna cewa maƙiyinsa ne ko yana da wata riba a cikin zancen. Haddi yana faɗuwa idan aka sami shubuha, kuma wanda ya amsa laifin haddi da bakinsa yana iya janye maganarsa. Sa'an nan kafin alƙali ya yanke hukunci wajibi ne ya yi i'izari, ya tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Hukuncin da aka yanke ba tare da i'izari ba ɓatacce ne.

Shari'ar kisan kai tana da nata tsarin. Haƙƙin jini na magadan mamaci ne, su ke da zaɓin neman ƙisasi ko yin afuwa, da diyya ko ba diyya. Idan suka yafe, Malikiyya ta tanadi bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Idan babu cikakkun shaidu amma akwai alama mai ƙarfi, wadda ake kira lausu, magada na iya yin rantsuwa hamsin, wato ƙasama, a yanke hukunci da ita. Manyan shari'u irin waɗannan sukan ƙare a majalisar sarki.

Wannan shi ne abin da ke cikin littafi. A aikace kuwa, dogari ke kamu, yari ke tsarewa, hauni ke zartar da kisa, kuma dukkansu bayin sarki ne ko barorinsa. Malamai ma sun yi saɓani a kan ko ya halatta a matsa wa wanda ya shahara da ɓarna domin ya amsa. Saboda haka darajar talaka a gaban shari'a ta rataya ne a kan tsoron Allah na alƙalin da ya samu da sarkin da ke bisansa.

TURAWA DA KOTUNAN EN'E

Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ayyana mulkin Ingila a kan Arewa a Lakwaja, a 1903 kuma aka ci Kano da Sakkwato. Turawa ba su da yawan da za su yi wa miliyoyin mutane shari'a, don haka suka bar alƙalai a kan buzayensu, amma da sharuɗɗa. Aka hana yanke hannu da azabtarwa da duk wani horo da suka ga ya saɓa wa abin da suka kira adalci da tausayi. Hukuncin kisa ba a zartar da shi sai Gwamna ya amince. Razdan da Di'o suna da ikon duba littafin kotu, su rage hukunci ko su sa a sake shari'a. Aka kasa kotunan gargajiya daraja huɗu, kotunan manyan sarakuna su ne na daraja ta ɗaya, masu ikon yanke hukuncin kisa.

A gefe guda kuma, a 1904 Lugga ya kawo kundin laifuka irin na Turawa, wanda aka kwaikwayo daga na jihar Kwinsland ta Ostireliya, aka kuma shimfiɗa shi ga Nijeriya baki ɗaya a 1916. Da shi kotunan Turawa ke aiki. Ke nan ƙasa ɗaya ta wayi gari da dokokin laifuka iri biyu, kuma makomar mutum ta danganta da ƙofar da aka shigar da shi.

An yi wasu gyare-gyare. A 1933, zamanin Gwamna Kamaru, aka buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan gargajiya zuwa kotunan Turawa. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka ɗauko malamai daga Sudan, ita ce daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Amma babbar matsalar tana nan. En'e ke naɗa alƙali ta biya shi albashi, ɗan doka na En'e ne, gidan yari na En'e ne, sarki shi ne shugaban En'e kuma shi ne babban mai shari'a. Bugu da ƙari, doka ta hana lauya tsayawa a kotun gargajiya.

Illar wannan ta fito fili da aka soma siyasar jam'iyyu. Bayan kafa NEPU a Kano a 1950, magoya bayanta sun yi ta shan ɗauri da bulala a kotunan En'e bisa laifin yin taro ba izini ko zagin sarki. Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta sau da dama. Wanda ya soki En'e, En'e ce za ta kama shi, ta yi masa shari'a, ta kuma tsare shi.

TSOFO GUBBA DA HAIHUWAR FINAL KOD

A 1947 aka yi wata shari'a da ta girgiza tsarin gaba ɗaya. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba hukuncin kisa saboda ya kashe wani. A Malikiyya, wanda ya kai wa wani hari da gangan har ya mutu ya yi kisan ganganci, ba a duba ko tunzura shi aka yi. A kundin Turawa kuwa, wanda aka tunzura ƙwarai ya yi kisa nan take cikin zafin rai, laifinsa bai kai na kisa ba, ɗauri ne. Da ƙarar ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, sai ta soke hukuncin kisan. Sarakuna da alƙalai suka fusata, suna ganin an yi wa shari'ar Musulunci karan tsaye. Aka shafe shekara goma ana yi wa doka kwaskwarima, ba a sami matsaya ba. A 1959 kuma, a shari'ar Guri da En'en Haɗeja, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta soke wani hukunci domin an hana wanda ake tuhuma da fashi ya kare kansa, ta ce ba a hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba.

Ana cikin haka mulkin kai ya gabato. Kwamitin Willink, wanda aka kafa a 1957 domin ya saurari koken ƙananan ƙabilu, ya ji tsoron da waɗanda ba Musulmi ba suke yi wa kotunan alƙalai, ya kuma ba da shawarar a sa haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Gwamnatin Sardauna ta tura wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi suka warware irin wannan matsala. Sa'an nan a 1958 ta kafa kwamitin masana shari'a mai mutum shida a Kaduna: Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, shi ne shugaba, sai Mai shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da Shettima Kashim Wazirin Borno, da Peter Achimugu, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida.

Shawararsu ita ce a yi kundin laifuka guda ɗaya da zai hau kan kowa a kowace kotu, a bar wa shari'ar Musulunci aure da gado da sauran ƙararrakin da ke tsakanin mutane. Aka ɗauki kundin Sudan a matsayin abin koyi, shi kuwa asalinsa kundin Indiya ne na 1860 wanda Lord Macaulay ya tsara. Wani kwamitin malamai ƙarƙashin Waziri Junaidu na Sakkwato ya duba daftarin, majalisa ta zartar da shi a 1959. Ranar 30 ga Satumba 1960, ana gobe bikin 'yanci, kundin da muke kira Final Kod ya soma aiki tare da ɗan'uwansa, kundin tsarin gudanar da shari'ar laifuka. Aka yi ta kai alƙalai kwas a Kwalejin Horar da Ma'aikata ta Zariya domin su koyi sabon tsari.

Final Kod sulhu ne. Ya bar zina da shan giya a matsayin laifi ga Musulmi, da bulalar haddi, kuma an ce kotun gargajiya ta ji ra'ayin magadan mamaci ta rubuta. Amma ya raba kisan kai gida biyu: sashe na 221 shi ne wanda hukuncinsa kisa ne, sashe na 222 kuma ya lissafa inda ba a kashewa, har da kisan wanda aka tunzura. Wato matsalar Tsofo Gubba ta sami amsa bayan shekara 13. Ya kuma bayyana cewa yaron da bai kai shekara bakwai ba ba ya laifi, haka wanda tabin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, da wanda ya kare kansa gwargwadon bukata.

Mafi girman abin da wanda ake tuhuma ya samu a 1960 shi ne ƙa'idar da tsarin mulki ya kafa, cewa ba a hukunta mutum sai a kan laifin da ke rubuce a doka. A 1961 aka gwada ta a Jihar Yamma, a shari'ar Aoko da Fagbemi, inda aka soke hukuncin da kotun gargajiya ta yi wa wata mata kan zina, domin babu rubutacciyar dokar da ta mai da ita laifi a can.

SOJA SUN BA DA, SOJA SUN KARƁE

A 1967, zamanin da Hassan Usman Katsina ke Gwamnan soja na Arewa, aka soke kotunan sarakuna. Daga 1 ga Afrilu 1968 kotunan gargajiya suka koma kotunan yanki, aka cire su daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jiha. Gidajen yari da 'yan doka su ma suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. A 1976 aka kafa Hukumar Ba da Agajin Lauya domin marasa hali. Bayan tsarin mulkin 1979 kuma, wanda ya ba kowa damar ɗaukar lauyan da yake so, hanin da aka yi wa lauyoyi shiga kotunan yanki ya faɗi.

Sai dai sojan da suka yi wannan su ne suka zo da kotunan musamman. A 1970 aka kafa na 'yan fashi, aka soma harbe mutane a bainar jama'a. A 1984 aka yi dokar soja mai lamba 2, wadda ta ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, da mai lamba 4, wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu da ita, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Mai lamba 20 kuwa an mai da aikinta baya, aka harbe samari uku a Legas a watan Afrilu 1985 kan miyagun ƙwayoyi. Mu marubuta kuma ba za mu manta da 10 ga Nuwamba 1995 ba, ranar da aka rataye Ken Saro-Wiwa, tsohon shugaban Ƙungiyar Marubutan Nijeriya, tare da mutum takwas a Fatakwal, bisa hukuncin wata kotun musamman wadda ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta. Darasin wannan zamani shi ne, haƙƙin da aka rubuta ana iya goge shi idan jama'a ba su san darajarsa ba.

MATA BIYU A KOTUN SHARI'A

Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, kundin laifukanta ya soma aiki a Janairu 2000, jihohin da suka bi wannan hanya suka kai 12. Saboda ƙa'idar nan ta 1960, kowace jiha sai da ta rubuta laifukan da hukuncinsu cikin kundi, majalisa ta zartar.

Shari'u biyu sun cancanci nazarin marubuci. A Oktoba 2001 wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa, ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta sallame ta. A Maris 2002 kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci, ranar 25 ga Satumba 2003 takwararta ta Katsina ta sallame ta. Duniya ta yi ta surutu a kansu, amma hujjojin da suka kuɓutar da su na cikin gida ne. A shari'ar Safiya an nuna cewa abin da ake zargi ya faru kafin dokar ta soma aiki. A ta Amina an nuna cewa alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce ya zauna da mataimaka, cewa tana da damar janye iƙirarinta, cewa kuma a Malikiyya cikin bazawara yana iya zama kwantacce na tsohon mijinta. A duka biyun an sami giɓi wajen fahimtar da wadda ake tuhuma ma'anar laifin. A nan littattafan Malikiyya da tsarin mulki suka haɗu a kan magana ɗaya: ba a hukunta mutum a kan shakka, ko a kan abin da bai fahimta ba.

DAGA CAJI OFIS ZUWA ƊAUKAKA ƘARA A YAU

To, ɗan'uwa marubuci, a ɗauka an kama jarumin labarinka. Sashe na 35 da na 36 na tsarin mulkin 1999 su ne garkuwarsa, sai kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja da kotunan tarayya, jihohi kuma suka yi irin tasu, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019.

Yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu, sai dai wannan wa'adi bai shafi laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Dokar 2015 ta haramta kama mutum a madadin wani, ta haramta kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai, ta kuma ce ba a hana mace tsaya wa mutum beli don tana mace. Belin 'yan sanda kyauta ne. Azabtarwa kuwa ita kanta laifi ce a ƙarƙashin wata doka ta 2017, kuma idan aka ce da duka aka karɓi iƙirari, kotu takan tsaya ta yi ƙaramar shari'a a kan wannan batu kafin ta karɓe shi.

A kotun majistare, ɗan sanda mai gabatar da ƙara yakan shigo da takardar rahoton farko, a karanta wa wanda ake tuhuma, a tambaye shi ko ya amsa. Idan ba ya jin harshen kotu, tafinta haƙƙinsa ne kuma kyauta. Majistare ba shi da hurumin yin shari'ar kisan kai ko fashi da makami, wannan aikin Babbar Kotu ne. Abin da yakan yi shi ne ya aika da mutum gidan gyaran hali a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. A wannan rami ɗalibina ya faɗa, kuma ba shi kaɗai ba ne, domin kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Don haka ne dokar 2015 ta ce umurnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ta iyakance sabunta shi, ta kuma ɗora wa majistare kewaya ofisoshin 'yan sanda kowane wata.

Idan aka soma shari'a, doka na ɗaukar jaruminka marar laifi har sai an tabbatar. Masu ƙara ke fara kawo shaidu, shi ko lauyansa su yi musu tambayoyi. Idan suka gama ba su kafa komai ba, lauyansa na iya roƙon a sallame shi ba sai ya kare kansa ba. Ba a tilasta masa ya ba da shaida. Hujjar da za a ɗaure shi da ita sai ta kai matsayin da babu sauran shakka mai ma'ana. A laifin da hukuncinsa kisa ne, ko ya ce ya amsa, kotu za ta rubuta bai amsa ba, a kawo shaidu, kuma ba a barinsa ba lauya. Babu ayarin masu taya alƙali yanke hukunci irin na finafinan Amurka, alƙali ne ke auna hujja ya rubuta dalilansa. Idan an same shi da laifi, akan ba shi damar roƙon sassauci kafin a faɗi horo.

Hukunci kuma ba shi ne ƙarshe ba. Yana da damar karɓar kwafinsa cikin kwana bakwai. Daga kotun majistare ana ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, galibi cikin kwana 30, daga can zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara cikin kwana 90, sa'an nan Kotun Ƙoli. Hukuncin kisa ba a zartar da shi sai an gama ɗaukaka ƙara kuma Gwamna ya sa hannu. Wanda aka wanke ba a sake gurfanar da shi kan wannan laifi. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuwa, tsarin mulki ya ce a biya shi diyya a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a.

KAMMALAWA

Ba ina cewa marubuci ya nuna kotu da caji ofis kamar babu zalunci a cikinsu ba. Akwai duka, akwai sayar da beli, akwai fayil da ke ɓata. A rubuta su, amma a rubuta su a matsayin karya doka, yadda mai karatu zai gane cewa abin da aka yi wa jarumin ba shi ne ƙa'ida ba. Wanda ke son abin tausayi a labarinsa ma, ai shekara biyu ta jiran shari'a ta fi rataya kafin la'asar taɓa zuciya, ga ta kuma gaskiya. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa. Kafin ka rubuta babin shari'a, ka je ka zauna a bencin baya na kwana biyu ko uku da littafinka, ka ji yadda akawu ke kiran ƙara da yadda ake ɗage ta. Gani ya kori ji.

Ɗalibina ya fito ne ranar da Babban Jojin jiha ya kai ziyara gidan yari, ya nemi fayil ɗinsa aka rasa. Da ya san ba a kama mutum a madadin wani, da ya san yana iya ƙin sa hannu har sai wani nasa ya zo, watakila da labarin ya sha bamban. Rashin sani ya fi dare duhu.

'Yan aji biyar sun sake shirya wasansu. A wannan karon ya ɗauke su zama uku, kuma da mai gabatar da ƙara ya yi suɓul da baka ya ce "mai laifi", yarinyar da ta fito a matsayin alƙali ta dakatar da shi ta ce ya gyara, sunansa wanda ake tuhuma. Ina roƙon 'yan'uwa marubuta mu ma mu yi wannan gyara a littattafanmu. Allah ya kiyashe mu da tsautsayi, ya sa alƙalaminmu ya amfani jama'a, amin.